Ɓawon Itace a Idon Kyamara: Bayani a kan Hoton Siffa Zalla

Tun daga shekarar 1839, sa'ad da aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a birnin Faris, jama'a suka karɓi wannan sabuwar fasaha a matsayin shaida. Mai zane da hannu yana iya ƙara gishiri, yana iya ragewa, amma kyamara abin da ya tsaya a gabanta shi take kawowa. Wannan ne dalilin da ya sa hoto ya sami shiga fasfo da jarida da ɗakin shari'a, kuma shi ya sa duk wanda aka miƙa wa hoto tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce, wane ne wannan, ko kuwa ina ne nan? To, akwai wani reshe na wannan sana'a wanda da gangan yake ƙin amsa wannan tambaya. Mai ɗaukar hoton yakan yi ta matsawa kusa da gindin itace har sai rassa da ganye da ƙasa da sararin sama sun fice daga cikin hoton, ba abin da ya saura sai ɓawo da tsage-tsagensa. Sa'an nan ya zare launi, ya bar baƙi da fari da matakan ruwan toka da ke tsakaninsu. Wanda ya dubi abin da aka samu yana iya zaton busasshen tafki ne aka ɗauko daga jirgin sama, ko fatar kada, ko wani rubutu na mutanen da.

Irin wannan hoto shi za a riƙa kira hoton siffa zalla a cikin wannan bayani, watau hoton da aka fifita layi da kaushi da haske da inuwa a cikinsa bisa ga sanin ko mene ne aka ɗauka. Abin da ya sa ya cancanci nazari shi ne, yana tsaye a kan wata gaɓa mai wuya. Kowane ɗigo da ke cikinsa gaskiya ne, gama daga jikin wani itace na musamman ya fito, a wata rana ta musamman. Amma duk da haka ya ɓoye wa mai kallo itacen.

Yadda ɓawo ke samun zanensa

Kafin a shiga maganar masu hoto, ya kamata a san wanda ya fara yin zanen, domin kuwa itacen ne da kansa. Gangar jikin itace tana ƙara kauri ne daga wani siririn shimfiɗi mai rai da ke tsakanin katako da ɓawo. Wannan shimfiɗi yana haifar da katako ta ciki, ta waje kuwa yana haifar da ɓawon ciki, wanda shi ne hanyar da abincin da ganye ya haɗa ke bi ya sauka zuwa saiwa. Can gaba da shi, kusa da waje, akwai wani shimfiɗin na biyu mai haifar da ƙwayoyin halitta waɗanda bangonsu ke shan wani abu mai kama da kakin zuma, sa'an nan su mutu. Waɗannan matattun ƙwayoyi su ne ɓawon waje, su ne garkuwar itace daga wuta da ƙwari da bushewa. Su ne kuma Robert Hooke ya leƙa da madubin ƙara girma, ya zana su a littafinsa Micrographia na shekarar 1665, bayan ya yanko ɗan siririn yanki daga ɓawon da ake yin toshiyar kwalba da shi. Ya ga sun yi kama da ƙananan ɗakuna a jere, ya ba su sunan da masana kimiyya ke kiran ƙwayar halitta da shi har yau. Ashe ɓawo yana cikin abubuwan farko da ɗan Adam ya matsa kusa da su har suka rikiɗe masa.

Abin da ya mutu ba ya miƙewa. Kowace damina katako yana ƙaruwa daga ciki, yana tura rigar da ke kansa, rigar kuwa ba ta da yadda za ta yi sai ta yage. Yadda take yagewa shi ne ya bambanta wani itace da wani. In ɓawon yana da zare da yawa, sai ya tsage a tsaye, tsagin yana sarƙewa da juna kamar saƙar raga. In zarensa kaɗan ne, sai ya ɓamɓare falle-falle. Kaɗanya tana tara ɓawo mai kauri wanda ke rarrabuwa gida-gida, kusan murabba'i, kuma wannan kaurin ne ke tsirar da ita sa'ad da gobarar daji ta wuce. Ararrabi yana saɓule nasa kamar tsohuwar takarda. Kuka kuwa fatarta tana da santsi, tana ninkewa kamar ta giwa. Akwai wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba: itace daga ƙarshen rassa yake ƙara tsawo, saboda haka alamar da aka yanka a jikinsa ba ta hawa sama, sai dai ta yi ta faɗi shekara da shekaru har ta ɓace wa mai karatu. Watau zanen ɓawo tarihin girman itacen ne, da fari da wuta da gatari da suka same shi. Mai hoton da ya san haka ya fi wanda bai sani ba iya zaɓen inda zai tsaya.

Daga itace sukutum zuwa tafin hannu guda na ɓawo

Masu hoton farko sun ɗauki itatuwa, amma sukutum suka ɗauke su. William Henry Fox Talbot na Ingila ya ɗauki wani babban itace marar ganye a lokacin sanyi tun farkon shekarun 1840, kuma a hoton nan itace itace ne, da gindinsa da rassansa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 masu son a karɓi hoto a matsayin fasaha sai suka shiga kwaikwayon masu zanen fenti, suna dusashe hotunansu da gangan don su yi kama da aikin buroshi. A irin wannan hoto kaushin ɓawo aibi ne da ake ɓoyewa.

Juyin ya zo ne daga wurare biyu. A Amurka, cikin shekarar 1916, Paul Strand ya ɗauki kwanoni da inuwar dogarin baranda daga kusa ƙwarai, har suka zama da'ira da layuka, Alfred Stieglitz kuma ya buga aikinsa a mujallarsa Camera Work, wadda fitowarta ta ƙarshe a 1917 ta ƙunshi hotunan Strand. Shi kansa Stieglitz daga 1922 ya juya kyamararsa sama yana ɗaukar gajimare, daga baya ya sa wa jerin suna Equivalents, watau kwatankwaci, yana nufin cewa siffar da ke cikin hoton tana tsayawa a madadin wani hali da ke cikin zuciyar mai ɗauka. Wannan ra'ayi shi ne ginshiƙin da kusan dukan masu hoton siffa zalla suka jingina da shi daga baya.

A Jamus kuwa littattafai biyu suka fito a shekara guda, 1928. Na farko shi ne Urformen der Kunst, ma'ana siffofin asali na fasaha, na Karl Blossfeldt, wani malami a makarantar sana'o'in ƙawa ta Barlin, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar toho da kara da 'ya'yan tsirrai da kyamarar da ya haɗa da hannunsa, yana ƙara musu girma har ninki 30. Don koyar da ɗalibansa ya yi su, bai yi don baje koli ba, amma da aka tara 120 a littafi sai mutane suka ga tohon tsiro ya zama kamar aikin maƙeri. Na biyun shi ne Die Welt ist schön, watau duniya kyakkyawa ce, na Albert Renger-Patzsch, mai hotuna 100 na tsirrai da dabbobi da injuna da gine-gine, kowanne an ɗauke shi tsaf ba dusashewa. Wannan mutum ya daɗe yana komawa ga itatuwa, har a 1962 ya fitar da littafi a kansu kaɗai mai suna Bäume.

Amma in ana neman mutumin da ya mai da jikin itace abin kallo don kansa, lalle ne a ambaci Edward Weston. A shekarar 1929 ya koma garin Carmel a gaɓar tekun Kalifoniya, ya fara zuwa wani tsibirin-gaɓa mai duwatsu da ake kira Point Lobos, inda iskar teku ta murɗe wasu tsofaffin itatuwa, ta wanke saiwoyinsu. Ya riƙa kafa babbar kyamararsa, mai ɗaukar fim inci 8 da inci 10, dab da saiwa ko gindi, har murɗaɗɗen katakon ya cika hoton kamar harshen wuta ko igiyar ruwa. Ba ya ƙara wa hotunansa girma. Yakan ɗora fim ɗin kai tsaye a kan takarda ya haska, don kada ko ƙwayar zare guda ta ɓace. A wurin nan ya ɗauki hotonsa na ƙarshe a 1948, sa'ad da ciwon karkarwa ya ci ƙarfinsa, ya rasu a 1958. Shi da Ansel Adams da Imogen Cunningham da Willard Van Dyke da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar da suka kira f/64, suka yi baje kolinsu na farko a gidan tarihi na de Young a San Francisco ranar 15 ga Nuwamba, 1932. Ma'anar wannan suna za ta bayyana nan gaba kaɗan.

Weston dai yakan bar wa mai kallo abin da zai kama, ya gane saiwa ce. Aaron Siskind ya wuce nan. Shi da farko mai ɗaukar hoton rayuwar talakawa ne, ya yi aiki a unguwar Harlem ta birnin Niyok a shekarun 1930. Wajen 1943 da 1944 ya juya ga igiyoyin masunta da ciyawar teku da bangon da fentinsa ke ɓamɓarewa, yana ɗaukarsu a shafe, ba nisa ba kusa, kamar allo. Ya yi abota da masu zanen fenti na zamaninsa irin su Franz Kline, kuma hotunansa sun rataya a ɗakunan da ake rataye zanensu. A 1970 ya ɗauki gangar tsofaffin itatuwan zaitun a tsibirin Corfu na ƙasar Girka, masu kogo da ƙulli. Minor White, wanda ya shugabanci mujallar Aperture tun kafa ta a 1952, shi ya ɗauki ra'ayin kwatankwaci na Stieglitz ya mai da shi darasi, yana koya wa ɗalibai su dubi abu don abin da yake, su kuma dube shi don abin da zai iya zama ban da haka.

Haske, tazara da launi

Ana iya zaton ba abin da ya kai wannan hoto sauƙi, tun da itace ba ya gudu, ba ya ƙifta ido, ba ya neman a biya shi. Wanda ya gwada ya san ba haka ba ne.

Matsala ta farko ita ce haske. Kaushi ba ya bayyana sai da inuwa. In haske ya fito daga bayan mai hoto ya doki ɓawon kai tsaye, sai ya cika kowane tsagi, ɓawon ya kwanta kamar tabarma. In kuwa ya zo a karkace, yana shafar fatar itacen, kowane tudu sai ya jefa inuwa a cikin kwarin da ke gefensa, zanen ya tashi. Da yake gindin itace kewayayye ne, a kowace safiya ko yamma akwai wani siririn yanki, tsakanin ɓangaren da rana ta haska da wanda ke cikin inuwa, inda haske ke wucewa a karkace. Nan ne mai hoto ke nema, kuma wurin yana matsawa da tafiyar rana. Hasken gefe yana fito da tsagin tsaye, hasken da ya sauko daga sama kuwa yana fito da na kwance, saboda haka kaɗanya guda tana iya ba da hotuna biyu da ba su yi kama ba, ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar. Rana mai ƙarfi tana da nata sharrin, domin takan mai da cikin tsagi baƙi ƙirin, ba a ganin kome a ciki. Ranar da gajimare ya rufe, ko ranar hazo irin na hunturu a ƙasar Hausa, haske yakan yi laushi ya shiga har cikin rami, sai dai hoton yakan rasa ƙarfi, sai an nemo masa shi wajen wanki.

Ta biyu ita ce tazara. Duk sa'ad da kyamara ta matsa kusa da abu, iyakar wurin da zai fito tsaf yana ƙanƙancewa, har ya koma kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka. Ga shi kuma gindin itace yana lanƙwasa baya ta kowane gefe, tsaginsa kuma yana da zurfi. Maganin da aka sani shi ne a tsuke kafar da haske ke bi a cikin gilashin kyamara. Ana auna wannan kafa da lambobi: 8, 11, 16, 22, 32, 45, 64, in lamba ta hau, kafa ta tsuke, kuma kowane mataki yana rage haske da rabi. Daga 8 zuwa 64 matakai shida ne, watau hasken ya ragu ninki 64. Ga ma'anar sunan ƙungiyar Weston da Adams ke nan: suna shelar cewa suna son hoton da kome ya fito tsaf daga gaba har baya. Farashin da ake biya shi ne lokaci. Ƙari a kan haka, in ana son abu ya fito a fim daidai da girmansa na ainihi, sai an ba shi haske ninki huɗu. Dole ke nan a kafa kyamara a kan turke mai ƙafa uku, a bar ta buɗe daƙiƙoƙi, wani lokaci mintoci. A nan ne gindin itace ya fi ganye daɗin sha'ani, gama iska ba ta kaɗa shi. A ƙananan kyamarori na zamani ba a iya tsuke kafar har haka ba tare da hoton ya dusashe ba, don haka masu aiki da kwamfuta sukan ɗauki hotuna da yawa na wuri guda, kowanne an daidaita shi a wani zurfi dabam, sa'an nan a haɗa su su zama ɗaya.

Ta uku ita ce maganar baƙi da fari kanta. A zamanin Blossfeldt babu wani zaɓi mai sauƙi, amma fim mai launi na Kodachrome ya fito tun 1935, kuma yau kowace wayar hannu launi take ɗauka. Akwai ma wanda ya bi ɓawo ta hanyar launi ya yi nasara, kamar Cédric Pollet na Faransa da littafinsa Écorces na 2008. Me ya sa har yanzu wasu ke zare launin? Dalili shi ne launi ɗan tsegumi ne, yana saurin faɗin sunan abu. Da zarar ido ya ga ruwan ƙasa da ɗigon kore, ya ce itace ne, ya huta. In aka cire launi sai ido ya rasa wannan gajeriyar hanya, ya koma bin layi da nauyin inuwa. Sai dai cire launi ba ya nufin mai hoto ya daina tunaninsa. Gansakuka kore a kan ɓawo mai ja-ja suna iya fitowa da ruwan toka iri ɗaya, su narke cikin juna. Don raba su ake sa gilashi mai launi a gaban kyamara, wanda ke haskaka launin da ya yi kama da shi ya duhunta kishiyarsa: jan gilashi ya haskaka ɓawon ya baƙanta gansakukar, kore kuwa ya juya al'amarin.

Akwai kuma wani tarko a cikin na'urar auna haske. Ita dai duk abin da aka nuna mata ɗauka take yi matsakaicin ruwan toka ne, saboda haka baƙin ɓawon kanya za ta ɗaga shi ya zama toka, farin ɓawo kuma ta sauke shi ya zama toka. Don a kuɓuta daga wannan ne Ansel Adams da Fred Archer suka tsara wata hanya wajen 1940, suka raba tazarar da ke tsakanin baƙi ƙirin da fari fat gida 11, daga sifiri zuwa 10, na biyar shi ne tsakiya. Mai hoto tun kafin ya danna yake yanke shawarar gidan da zai ajiye inuwar cikin tsagi, sa'an nan ya tsawaita ko ya gajarta lokacin wanke fim don ya kai tudun da rana ta haska gidan da yake so. A ɗakin duhu kuma yakan kare wani ɓangare da hannu, ya ƙara wa wani haske. Duk wanda ya ce kyamara ce ke yin aikin, bai taɓa ganin hoto biyu da aka wanke daga fim guda ba.

Abin da ido ke yi da hoton

Sa'ad da aka cire gefen itace da sararin sama, an cire ma'auni. Ba abin da zai gaya wa mai kallo ko tafin hannu guda yake gani ko tafiyar kwana guda. Halitta kuwa tana maimaita kanta: yadda laka ke tsagewa in ta bushe, da yadda ɓawo ke tsagewa in ciki ya kumbura, duka biyu fata ce da aka ja ta fiye da ƙarfinta, shi ya sa suka yi kama. Haka nan ƙwaƙwalwar mutum ta saba ɗauka cewa haske daga sama yake zuwa. In aka juya hoton ɓawo kai ƙasa, sau da yawa tudu yakan koma rami, rami ya koma tudu, kamar yadda ke faruwa da hotunan ramukan wata. Mai hoton siffa zalla yana da ikon rataye aikinsa ta kowace fuska, kuma wannan zaɓi kaɗai yana iya sake hoton ɗungum.

Daga nan ne ido ke fara ƙirƙira, ya ga fuska, ya ga doki, ya ga taron mutane. Leonardo da Vinci ya shawarci masu koyon zane su riƙa duban bango mai tabo don su tsinci siffofi a ciki, Max Ernst kuma a 1925 ya ɗora takarda a kan tsohon daɓen katako ya goga fensir, ya mai da zaren katakon dazuzzuka da tsuntsaye. Amma a nan akwai rauni. Hoton da duk darajarsa ita ce wani ƙulli ya yi kama da ido, wani tsagi ya yi kama da baki, wasan yara ne. Da an gano fuskar an gama da shi. Hotunan da suka daɗe ana komawa gare su su ne waɗanda ba su zauna a kan kama guda ba, waɗanda nauyin baƙi da fari ya daidaita a cikinsu har zuwa kusurwoyi huɗu. Mafi yawan hotunan ɓawo da ake gani, gaskiyar magana, samfurin kaushi ne kawai, irin wanda za a iya yanke shi ta ko'ina ba a yi asarar kome ba.

Ga Bahaushe, kallon siffa don kanta ba baƙon abu ba ne. Zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya, da ƙonen da ake yi wa ƙwarya, da aska takwas a ƙirjin riga, duk ba hoton wani abu ba ne da za a nuna a ce ga shi. An kuma ruwaito a cikin Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar yin sura ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai irin na mutum da dabba, don haka wannan reshe na hoto yana wajen saɓanin da malamai suka yi a kan sura. Bambancin dai shi ne, magini da maɗinki su ke tsara zanensu, su daidaita dama da hagu. Mai hoton ɓawo kuwa tsinta yake yi, abin da ke hannunsa shi ne inda zai yanke.

Abin da aka yanke aka bari a waje

Wannan yankan shi ne inda masu suka suka kama. Walter Benjamin, wanda ya yaba wa littafin Blossfeldt a 1928, ya juya ya soki na Renger-Patzsch a rubuce-rubucensa na 1931 da 1934. Hujjarsa ita ce irin wannan hoto yana iya ƙawata kowane abu, har talauci da juji, ya mai da shi abin jin daɗin kallo, alhali bai gaya wa mutum kome game da yadda abin ya zama haka ba. An ce wa Renger-Patzsch uzuri, cewa shi sunan da ya so ya ba littafin shi ne Die Dinge, watau abubuwa, mai buga littafin ne ya zaɓi wancan suna mai zaƙi. Uzurin gaskiya ne, amma bai kashe maganar ba. Siskind ma da ya bar mutanen Harlem ya koma ga bango, tsofaffin abokan aikinsa ba su ji daɗi ba.

Wata amsa ta fito daga Nijeriya, ko da yake ba a kan itace ba. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968 da fim baƙi da fari, ya tara kusan hotuna 1,000, da yawansu daga ƙeya, ba fuska. Wanda ya kalle su yana ganin gini da layi da inuwa, kamar yadda zai gani a aikin Blossfeldt. Amma Ojeikere ya riƙa adana sunan kitson da lokacin da aka ɗauke shi, sai aikin ya zama siffa kuma ya zama tarihi. Weston da Siskind ma sukan rubuta sunan wuri da shekara a ƙarƙashin hotunansu. Layi guda ne na rubutu, amma shi ke mayar wa hoton da shaidar da yankan ya ƙwace masa.

Misalin maɗaci zai nuna nauyin wannan magana. Ɓawonsa mai ɗaci magani ne da aka daɗe da sani, kuma da wuya a ga babban maɗaci a bakin hanya ko kusa da kasuwa wanda masu sassaƙe ba su taɓa ba. Inda aka sassaƙa, itacen yakan turo sabon nama daga gefen raunin, ya naɗo shi ciki a hankali kamar leɓe, tsakiyar kuwa katako ne tsirara wanda rana ta ƙona, gara ta ja layukan ƙasa a kansa. In aka ɗauki wannan da hasken la'asar, santsin sabon nama a gefen kaushin tsohon ɓawo, ana samun hoton da ya kai duk wanda aka ɗauko daga Point Lobos. Sai dai hoton ba zai nuna ko raunin ya kewaye gindin ba. In bai kewaye ba, abinci yana da sauran hanya, itacen zai rayu. In ya kewaye, an yanke ɓawon ciki ta kowace fuska, abincin ganye ba zai ƙara isa saiwa ba, kuma ko da ganyen ya ci gaba da zama kore na wani lokaci, saiwar tana mutuwa da yunwa a ƙarƙashin ƙasa. Kuka tana cikin 'yan itatuwan da ke iya sake ɓawo bayan an saɓule shi kewaye don yin igiya. Maɗaci ba shi da wannan baiwa. A shekarar 1998 ƙungiyar duniya mai kula da kiyaye halittu, IUCN, ta sa maɗaci cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazana, musamman saboda saran da ake yi masa don katako. Mai hoton da ya tsaya taku ɗaya daga gindin, ya cika takardarsa da leɓen raunin, sai ya zagaya bayan itacen kafin ya san wanne daga cikin biyun ya ɗauka.